Gida muke ginawa ko tanderu?

Jama'a, kafin in taɓa kowa, bari in fara tona wa kaina asiri.

Shekara uku da sunka wuce na kwashi adashen ofis, na ce bari in gyara gidanmu na gado a Tambuwal. A tsakar gidan akwai dogon yaro guda, marigayi mahaifinmu ya dasa shi tun ban san kaina ba. Ƙarƙashinsa randa take, nan Inna ke gyaran gero, nan mata ke zama in ana suna ko biki. Birkila ya ce mini saiwarsa za ta fasa intalok, ganyensa kuma kullum sai an share. Na yarda da shi. Cikin wuni ɗaya anka kwantar da itacen da ya kusa sa'ana, anka shimfiɗe tsakar gida da intalok daga bakin ƙofa har bayan ɗaki. Na ɗauki hoto ina jin na yi abin kai.

Inna ba ta ce komai ba. Sai da bazara ta kama, wata rana na zo da azahar, ba wuta, fankar da na saya mata tana tsaye, intalok ɗin nan ko ƙafa ba a iya sa masa. Na iske ta ɗauki tabarma za ta gidan maƙwabta inda akwai ɗurumi. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka sare muna iskar da Allah ya ba mu kyauta, ka sawo muna wadda sai an biya. To ga ta nan tsaye, ce mata ta juya."

Tun ranar nan nake kallon gidajenmu da wani ido. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Kebbe da Kuchi, duk inda sabon gini ya tashi, abu ɗaya muke yi. Muna zuba kuɗi masu yawa muna gina gidan da bai san garin da yake ciki ba. Mun san a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, amma sai mu kwafi zanen da munka gani a Abuja ko a waya, mu dasa shi nan kamar yadda yake.

A fara da rufi. Yanzu yayi shi ne baƙin kwano, ko mai ruwan toka mai duhu. Ko yaron firamare ya san baƙi na jan zafi, shi ya sa ba ka ganin dattijo da baƙar riga a tsakar rana. Amma mu mun sa wa gida baƙar hula, sa'an nan munka toshe duk wata kafa da ke tsakanin kwano da silin don kada jemage ya shiga. Zafin da ya taru a sama ba shi da hanyar fita sai ƙasa, kan mai barci.

Sai taga. Kakanninmu ba su yi manyan tagogi ba, amma bangonsu na ƙasa ne mai kauri, rana takan wuni tana dukansa kafin zafi ya ratsa ciki. Mu bangonmu bulo ne mai inci shida, ciki rami. Munka sa masa tagar gilas mai zamewa, wadda ko ka buɗe ta gaba ɗaya rabi ce kawai ta buɗu. Sau da yawa tana kallon yamma, rana na shiga kai tsaye daga la'asar. Bayan ta da taku ɗaya kuma ga katanga ta tsaya. Ta ina iska za ta bi? Wanga ba zancen jin daɗi ba ne kawai. Mun ga abin da sanƙarau ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017, kuma a farkon 2025 ya sake ɓulla wajen maƙwabtanmu na Gwandu, Aliero da Jega. Kowace shekara ma'aikatan lafiya na faɗa a rediyo a guji cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Mu kuwa irin wanga ɗakin muke biyan kuɗi a gina muna.

Na uku shi ne laifina: rufe tsakar gida da siminti. Ƙasa tana shan ruwa, tana huce zafi da dare. Siminti ba ya shan komai, zafin da ya kwasa da rana shi yake amayarwa har bayan isha'i. Da can kusan kowace tsohuwa tana da ɗan lungunta na zogale, lalle, rama ko lemun tsami, ruwan alwala da na wanke-wanke ke shayar da su. Yau matar da gidanta ya kai fuloti guda za ta aiki yaro kasuwa ya sawo zogale. Ruwan da zai raya shuka kuma mun sa masa fayif mun tura shi waje.

Nan ne rigima take. Kowa ya gyara cikin gidansa fes, ya huda katanga ya sako kwata kan layi. Mai kuɗi ya ɗaga harsashensa ya fi titi, ya zuba wa maƙwabcinsa mai ginin ƙasa ruwan damina. Kududdufin da ke karɓar ruwan unguwa an cike shi an yanka fuloti. Na san wasu mutum biyu, sahu ɗaya suke sallah shekara da shekaru, yanzu ba sa gaisawa saboda indararo guda. Sai da mai unguwa ya zaunar da su har sau biyu. Ruwan kwata kuwa ba ya tambayar wane ne ya sako shi, sauron da ya ƙyanƙyashe a ciki gidan mai tayil ma yake kwana.

Sai zaure, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Mun kashe zaure mun sa get na ƙarfe. Zaure shi ne wurin da baƙo ke sauka ba tare da ya takura wa matan gida ba, nan malam ke karantar da yara, nan ake sasanta ma'aurata, nan matafiyi ke samun ruwan sha. Yanzu in ka je gaida abokinka, ko dai ka tsaya a rana kana bugun ƙarfe kana kiran waya, ko a shigar da kai falo uwargida ta kwashe yara da kwanuka ta gudu ɗaki. Mun ce mun waye, amma mun rage wa mata fili, mun rage wa baƙo daraja.

Da ma an tambayi matan kafin a zana gida, da ba a yi wasu abubuwan ba. A gina kicin kamar akwatin ashana a cikin ɗaki, alhali an san tuwon mutum goma sha biyar ba a kan gas za a tuƙa shi ba, balle yadda gas ya yi tsada. Ƙarshe murhu ya dawo tsakar gida, kan intalok, ba rumfa ba inuwa. Ba wurin shanya, ba turken akuya, ba inda za a kafa turmi. Maigida ya fita tun safe ya tafi ofis ko inuwar kasuwa, wadda za ta wuni cikin gidan ba a ji ta bakinta ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce ginin ƙasa na rushewa in damina ta yi ƙarfi, kuma kowace shekara sai an yi yaɓe. Haka ne. Za su ce halin tsaron da muke ciki, musamman a ƙauyukanmu na gefen daji, ya sa dole katanga ta yi tsawo, mutane ba sa iya kwana waje kamar da. Wanga ma gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Amma ai shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata mu damu. In dole ne mu kulle kanmu cikin ɗaki da dare, to ya zama ɗakin da ɗan Adam zai iya numfashi a ciki. Za su ce kuma mai kuɗi zai sa na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wuta? Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ma'aikaci nawa ne cikinmu ke iya tada janareta har safe? Zafin kuma ba raguwa yake ba. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Ba cewa nake mu koma bukka ba. Cewa nake mu daina raina ilimin da munka gada. Maginanmu sun san tubali, sun san azara ta giginya, sun san makuba da ake fitarwa daga ɗorawa don hana ruwa cin gini. Nan kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama, wanda magini Falke Barmu ya jagoranci gininsa, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, an gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso ya fara suna ne da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, ginin ƙasa da kwano a ɗage sama don iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. Duniya na karrama abin da mu muke jin kunyarsa, a daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024.

Ko da bulo za ka yi, abin ba wuya. Zaɓi kwano mai haske. Ɗaga silin, bar kafar iska a sama ka sa mata raga. Yi taga biyu masu kallon juna. Ja da ɗaki baya daga katanga. Bar ko da kwata ɗaya na tsakar gida ƙasa ce. Haƙa ramin da zai shanye ruwan wankanka a cikin gidanka. Fitar da ɗan zaure ko ƙarami ne. Kuma tun ranar da ka sayi fuloti, kafin tifar yashi ta farko, dasa itace, ka nisanta shi da harsashi. Kafin ka gama gini, yadda albashinmu yake, ya riga ya yi inuwa.

Ni dai bara na kira yaran da sunka shimfiɗa intalok na biya su sunka ɓalle wani sashe. Kuɗi biyu ke nan, na sawa da na cirewa. Na dasa mangwaro ɗaya da dogon yaro ɗaya, Inna ta sa zogalenta a gefe, mun kewaye su da ƙaya saboda awaki. Yanzu tsawonsu bai wuce ƙuguna ba. Da na ce mata nan da shekara biyar za ta samu inuwa, sai ta yi murmushi ta ce, "In ban kai ba, jikokina su sha."

Maganar nan har yau tana tsaye a ƙirjina. Wanda ke shirin sare itace a gidan uwarsa, don Allah ya kwana ya sake tunani.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.