Allura Da Kunne: A Auna Tun Ba A Soma Ba

Cikin takardun da suka iso mini makon nan akwai ta wani malamin makaranta, yana tambaya ko gaskiya ne allura tana kurmantar da mutum. To, malam, gaskiya ne, amma ba kowace allura ba. Ga yadda al'amarin yake.

Akwai waɗansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta 'yan gida ɗaya. Babban wansu shi ne sitireftomaisin, wanda Albert Schatz da malaminsa Selman Waksman suka gano a Amurka cikin 1943, shi ne kuwa maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka. Daga baya aka sami kanamaisin a Japan cikin 1957, da jentamaisin cikin 1963, sa'an nan amikasin. Rayukan da suka ceta Allah kaɗai ya san iyakarsu. Amma tun da fari likitoci suka lura waɗansu majinyata suna warkewa da jiri, waɗansu kuwa da kurumta.

Dalili ke nan. Can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ne ke karɓar sauti. Maganin yakan shiga nan ya kashe su, wadda ta mutu kuwa ba ta sāke tsirowa. Abin tsoron shi ne ɓarnar takan faro daga masu jin siririn sauti, irin kukan gyare. Saboda haka mutum yana jin sallama, yana jin ganga, yana tsammani lafiya lau yake, alhali ɓarawo ya riga ya shiga gida. Ran da ya soma cewa "Na'am? Me ka ce?" aikin gama ya gama.

Don haka likitoci suka fito da awon ji. Akan sa wa mutum abin saurare a kunne, a riƙa sako masa sauti daga mai kauri zuwa siriri, yana ɗaga hannu in ya ji. Awon da aka saba yakan tsaya ga sautin da ke girgiza sau 8,000 a sakan guda, amma na'urar da ta wuce nan ta fi saurin kama ɓarnar. Jariri kuwa da ba ya iya ɗaga hannu, akwai 'yar na'ura da akan sa masa a kunne, ta saurari amsa-kuwwar da lafiyayyen kunne ke mayarwa.

Ga shawarata ga wanda za a daɗe ana yi wa irin allurar nan. Na farko, ya roƙa a auna jinsa tun ba a soma ba, gama in ba a san ma'aunin jiya ba, da me za a gwada na yau? Na biyu, a riƙa sāke awon lokacin jinya, da kuma bayanta, domin maganin yakan yi watanni a kunne bayan an bar allura. Na uku, a duba ƙodarsa, don ita ke fid da maganin; in ta raunana sai ya taru a jini. Na huɗu, in akwai wanda allura ta taɓa kurmantarwa cikin danginsa na wajen uwa, ya faɗa, gama akwai wannan rauni da akan gada ta wurin uwa.

In kunne ya soma ƙugi, ko ya yi kamar an toshe shi, ko mutum ya riƙa tangaɗi cikin duhu, a gaya wa likita ran nan. Kada fa majinyaci ya bar magani don ra'ayin kansa. Likita ne zai rage ko ya sauya. Canji kuwa akwai shi: cikin 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kanamaisin wajen jinyar tarin fuka mai taurin kai.

Ku malamai da akawuna, ku ne idon jama'a. Ku gargaɗi mutanenmu su bar zuwa kemis a tsira musu jentamaisin don zazzaɓi ko mura ba da izinin likita ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin. Wassalam.