Yaƙi da Tsatsa: Ina Kalmominmu?

Duk wanda ya ratsa ta unguwar Yara a nan Keffi bayan damina, zai ga ɓarnar tsatsa da idonsa: kwanon rufi ya yi ja, ƙofar ƙarfe ta ruɓe daga ƙasa, injin niƙa ya ci haƙoransa. Abin da mai walda zai yi bai wuce ya kankare, ya shafa jan fenti, a jira wata damina ba. Matsalar kuwa ba tamu ce kaɗai ba. Wani bincike da ƙungiyar NACE ta Amurka ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa tana jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara.

Shekara da shekaru masana'antu suna kare ƙarfe ta hanyar tsoma shi cikin ruwan sinadarin kuromiyom. Ƙarfen yakan fito da sheƙi da ƙwari, amma nau'in sinadarin da ake aikin da shi yana haddasa ciwon dajin huhu, yana kuma gurɓata ruwa. Saboda haka tun watan Satumba na 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman.

A nan ne hasken leza ya shigo. Theodore Maiman ne ya fara kunna shi a Amurka a 1960. Haske ne mai tafiya siriri a miƙe, da zafin da zai narka ƙarfe. A birnin Aachen na Jamus, masana na cibiyar Fraunhofer sun fito da wata dabara mai suna EHLA, wadda ta ci lambar yabo a 2017. Ana fesa garin ƙarfe mai jure tsatsa, hasken ya narka shi tun kafin ya sauka, sai ya manne a jikin ƙarfen ya zame masa riga. Kaurin rigar bai kai rabin milimita ba, kusan kashi 90 cikin 100 na garin yana zama a jiki, kuma babu ruwan dafin da za a malalar a rafi.

To, ya kai ɗan'uwa ɗalibi, me ya haɗa mai nazarin Hausa da wannan? Ka gwada bayyana wa mai walda abin da na faɗa a sama, ka ji inda harshenka zai sarƙe. Ni kaina "riga" na ce, don ban sami kalmar da aka yarda da ita ba. Mai waldar nan kuwa shi ne zai riƙe na'urar ranar da ta iso, domin tuni ƙananan injinan kankare tsatsa da leza na riƙewa a hannu suka shiga kasuwannin duniya. Wa zai gaya masa cewa hasken yana makantarwa, kuma gilashin walda na yau da kullum ba ya tare shi? Takardar gargaɗin da Turanci ko Sinanci za ta zo.

Wani zai ce injinan da tsada, wuta ma ba ta ishe mu ba. Gaskiya ne. Amma ai ba a fafe gora ranar tafiya. Magabatanmu ba su jira ba: a 1990 Ɗalhatu Muhammad ya tace littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006.

Shawarata ita ce, masu neman batun kundin digiri su sauka Yara da littafi da biro. Mu zauna da maƙera da masu walda, mu tattara sunayen da suke kiran ƙarfe da cututtukansa, sannan mu haɗa kai da ɗaliban kimiyya mu ƙirƙiri abin da babu. Kalmar da ta fito daga maƙera ta fi saurin komawa maƙera.

Allah Ya sa mu dace.