Binciken Cutar Furen Ado Ba Ɓarnar Dukiya Ba Ne

Akwai masu ganin cewa ɓarnar dukiya ce masana su duƙufa ga binciken cututtukan furannin ado, alhali ga gero da dawa suna jira. Wannan magana tana bukatar gyara.

A ƙasar Holan, wajen shekarar 1637, an yi cinikin albasar furen tulif mai zane-zane a kan kuɗin da ya isa sayen gida. Ashe zanen da ake rububinsa cuta ce. Sai a 1928 Dorothy Cayley ta nuna a Ingila cewa cutar tana bi daga albasa zuwa albasa, aka kuma gane darɓa ke yaɗa ta.

Tun daga 2009 kuwa, masana kan karanta jerin ƙwayoyin gadon duk bairas ɗin da ke cikin ganye, ko da ba a taɓa saninsa ba, ko da furen lafiya lau yake ga ido. Nan amfanin yake, domin fure yana ƙetare iyakokin ƙasashe a jirgin sama, kuma bairas ɗin da ke nakasa tumatir da gyaɗa yakan ɓuya a jikin furen daliya. Ma'aikacin da ke duba tsirrai a filin jirgi da ido kawai ba lalle ya gan shi ba.