Wanda ba shi da uwa a gindin murhu fa?

Ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo.

Jiya bayan sallar isha'i wani yaro daga wani ƙauye wajen Faru ya same ni ƙofar gida riƙe da takardunsa a leda. Ya gama kwalejin fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, sakamakonsa mai kyau ne. Ya ce, "Baba, an ce an ɗauki ma'aikata, ni ko labarin ban ji ba sai da aka gama. Ba ni da kowa." Wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Mu yi lissafi. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 24 ke nan. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi 8 a gidan gwamnati, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi 8, Bello Matawalle namu na Maradun ya yi 4. Shekara 20 gwamna ɗan wannan yanki ne. In da sanayya na ɗaga gari gaba ɗaya, da yanzu babu mai zaman kashe wando tsakanin Bakura da Maradun. Ba zargin kowa nake ba. Abin da nake nufi shi ne, sanayya tana ɗaga wanda ke kusa ne kawai, na nesa sai dai ya ji ƙamshi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Takardar da wani kawuna ya rubuta ce ta buɗe mani ƙofar aiki. Akwai waɗanda suka fi ni ƙoƙari a aji, har yau suna acaɓa.

Kada a fahimce ni baibai, zumunci ba laifi ba ne. Shi ne ya riƙe mu. Lokacin da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, gidajen dangi da abokai ne suka fara buɗe wa mutane ƙofa. Da aka katse layukan waya a watan Satumbar 2021, direbobin tasha da 'yan kasuwa ne ke kai mana saƙo hannu da hannu. Gayya da adashi da gudummawar biki duk sanayya ce.

Matsalar tana farawa ne ranar da muka mayar da haƙƙin kowa ya zama alfarmar gida. Gurbin aiki, tallafin karatu da takin gwamnati ba gadon ubanmu ba ne.

Roƙona ga 'yan'uwana ma'aikata ƙarami ne. In ka ji an buɗe gurbi, kada ka tsaya kan ƙannenka. Sa shi a zauren WhatsApp na gari, a faɗa a masallaci bayan Juma'a, a aika ƙauye ranar kasuwa. Sannan ka ɗauki yaro ɗaya da ba jininka ba, ka duba masa takardunsa, ka nuna masa hanya.

Ni dai takardun wannan yaron suna hannuna. Kai fa, wa za ka ɗauka?

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.