SHARHI: Tsohon jirgi, sabon inji: Yadda kasuwar ƙarfin doki ta sha gaban doka a teku

A daren 9 ga Fabrairun 2024, a tashar jiragen ruwa ta garin Barbate da ke kudancin Sifaniya, wani jirgin masu fasa-ƙwaurin ƙwayoyi ya bi ta kan ƙaramin jirgin roba na jami'an tsaron Guardia Civil, ya kashe biyu daga cikinsu. Guguwa ce ta koro jiragen masu fasa-ƙwaurin cikin tashar, aka tura jami'an su fatattake su a jirgin da bai kai rabin tsawon nasu ba. Bidiyon abin da ya faru ya karaɗe ƙasar, 'yan adawa suka nemi ministan cikin gida, Fernando Grande-Marlaska, ya ajiye aiki. Abin da ya ƙara harzuƙa jama'a shi ne, irin wannan jirgi haramtacce ne a Sifaniya tun shekarar 2018.

Dalilin da ya sa haramcin bai yi tasirin da aka zata ba yana rataye a bayan jirgin. Gudun jirgin ruwa daga inji yake zuwa, kuma injin da ake ratayawa a baya kaya ne na halal da ake sayarwa a fili. Kusoshi kaɗan ne ke riƙe shi, ana iya kwance shi daga wannan jirgi a ɗaura wa wancan cikin yini guda. Kasuwar da ke samar da shi kuwa an gina ta ne domin masu jiragen shaƙatawa da masu kamun kifi na nishaɗi, waɗanda da yawansu ke sabunta injinan tsofaffin jiragensu don su ƙara gudu, su kuma iya nausawa cikin teku.

Me ya sa ake sauya wa tsohon jirgi inji?

Gangar jikin jirgin da aka ƙera da faiba tana iya yin shekaru arba'in ko fiye tana aiki, inji kuwa ba ya kai haka. Saboda tsadar sabon jirgi, mai tsohon jirgi a Amurka ko Turai yakan gwammace ya sayi sabon inji ya ɗaura. Dokokin rage hayaƙi sun ƙara hura wutar wannan kasuwa, domin sun kawar da tsofaffin injinan da ke cin fetur gauraye da baƙin mai, irin na ƙananan janareta, aka koma ga na zamani masu tsimin mai. Kamfanin BRP ma ya daina ƙera injinan Evinrude a 2020, masu su suka fara neman madadi.

A lokaci guda kamfanoni sun shiga gasar ƙarfi. A 2018 Yamaha ta fito da inji mai ƙarfin doki 425. A 2021 Mercury ta fito da mai doki 600 da silinda goma sha biyu, wanda nauyinsa ya haura kilo 570. Ƙarfin da a da sai a jiragen tsere ake samunsa, yanzu duk mai kuɗi zai iya sayensa a shago.

Sai dai tsohon jirgi ba don wannan nauyi aka zana shi ba. Allon baya da ake rataya inji a jikinsa yawanci katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba, kuma idan ruwa ya shige shi shekara da shekaru yakan ruɓe ba tare da an gani daga waje ba. Sabon inji ya fi tsohon nauyi, don haka bayan jirgin yakan ƙara nutsewa, har ramukan da aka yi don fitar da ruwa su koma shigo da shi. Idan gudu ya wuce abin da ƙirar jirgin za ta ɗauka, sai ya riƙa tangaɗi dama da hagu, yana iya kifewa. Ga kuma batun mai: injin doki 300 yana shan kimanin lita 100 a awa guda idan aka sake masa wuta gaba ɗaya. Shi ya sa masu shiga teku da nisa ke raba mansu gida uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana.

Hukumomi sun san da waɗannan haɗurra. A Amurka, dokar tarayya ta wajabta wa masu ƙera ƙananan jirage da ba su kai ƙafa 20 ba su liƙa allon da ke nuna iyakar ƙarfin injin da jirgin zai ɗauka, kuma wasu jihohi na hukunta wanda ya zarce ta. A Tarayyar Turai, dokar jiragen shaƙatawa ta 2013 ta ɗauki ƙarin ƙarfin da ya haura kashi 15 cikin 100 a matsayin babban sauyi da ke buƙatar sabon tantancewa. Duk waɗannan dokoki suna magana ne da mai jirgin da ke son rajista da inshora. Wanda bai damu da ko ɗaya ba, ba su taɓa shi.

Daga Miami zuwa Jibralta

Alaƙar jiragen gudu na nishaɗi da fasa-ƙwauri ta daɗe. A birnin Miami, Don Aronow ya kafa kamfanonin Formula da Donzi da Magnum da Cigarette, ya ƙera jiragen tseren teku da attajirai ke rububinsu. A shekarun 1970 da 1980 masu shigo da hodar iblis suka gano cewa babu abin da ya fi su dacewa da aikinsu. Hukumar kwastam ta Amurka ta rasa abin bin su, sai ita ma ta koma wurin Aronow ta sayi jiragen da aka raɗa wa suna Blue Thunder. An harbe shi har lahira a Fabrairun 1987, a kan titin da masana'antunsa suke. Maƙeri ɗaya ne ya wadata mai gudu da mai bin sa.

A Mashigin Jibralta, inda tazarar Maroko da Sifaniya ba ta wuce kimanin kilomita 14 ba a wuri mafi ƙunci, labarin ya maimaita kansa da tabar wiwi. Jiragen da 'yan Sifaniya ke kira narcolancha sukan kai mita 12 zuwa 14, da injina uku ko huɗu masu doki 300 ko fiye kowanne, suna ɗaukar tan-tan na kaya, suna gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Dokar Oktoban 2018 ta haramta mallakar jiragen roba masu gudu da suka wuce mita 8, da kuma waɗanda ba su kai haka ba amma ƙarfinsu ya kai kilowat 150, wato kusan doki 200, sai ga wanda ya yi rajista ta musamman.

An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. 'Yan sanda sun sha bankaɗo wuraren ƙera jiragen a ɓoye a yankin Galisiya da arewacin Fotugal. Tun da kawo jirgi gaɓa ya zama haɗari, matuƙa suka koma zama a kan teku na kwanaki da makonni, wata sabuwar sana'a ta kunno kai: masu kai musu fetur a jarkoki da abinci da ma'aikatan canji. Hanyoyin suka bazu har cikin kogin Guadalquivir da ke bi ta birnin Sebiya. A 2022 kuma gwamnati ta rushe OCON-Sur, rundunar musamman da aka kafa don yaƙar safarar a kudancin ƙasar, matakin da ƙungiyoyin jami'an tsaro suka yi ta suka bayan kisan Barbate.

Idan siffar jirgi ta zama hujja

Akwai wata hanya mafi muni ta tunkarar matsalar. A ranar 2 ga Satumban 2025, Shugaba Donald Trump ya sanar da cewa sojojin Amurka sun kai hari kan wani jirgin gudu da ya taso daga Benezuwela, mutum 11 suka mutu. Hare-hare irin wannan sun ci gaba a tekun Karibiyan da gabashin Fasifik, ba tare da kama kowa an gurfanar da shi kafin kisa ba. Shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya ce hare-haren sun saɓa wa dokokin ƙasa da ƙasa. Daga sama, buɗaɗɗen jirgi mai manyan injina da durom-durom na mai kamanninsa ɗaya ne, ko na masunci ne ko na ɗan fasa-ƙwauri.

Najeriya ma ta ɗanɗana irin wannan muhawara. Rundunar haɗin gwiwa da ke aiki a yankin Neja Delta ta taɓa hana amfani da injinan da suka kai doki 200 a magudanan ruwan yankin, domin daƙile masu fasa bututun mai da 'yan fashin teku. Matsalar haramci irin wannan ita ce, mai jigilar fasinja da ke da adireshi shi ne ya fi sauƙin kamawa.

Inda ya kamata a sa ido

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowane babban inji yana fitowa daga masana'anta da lambarsa, yana bi ta hannun dillali, kuma na zamani suna ɗauke da kwamfutar da ke ajiye awannin aikinsu. Jirgi mai injina huɗu da aka kama a bakin teku yana ɗauke da lambobi huɗu da za su iya kai masu bincike ga wanda ya sayar da wanda ya biya. Rajistar da ke bin injin daga sayarwar farko zuwa duk hannun da ya koma, wadda ƙasashe maƙwabta za su yi tarayya a kanta, ta fi haramcin ƙasa ɗaya amfani, tun da jirgin da aka hana ƙerawa a Sifaniya ana iya ƙera shi a ƙetaren iyaka.

Wannan tsari zai amfani mai jirgin shaƙatawa shi ma. Idan sauya inji ya zo da duba allon baya da tankin mai da sitiyari kafin a sabunta takardu, za a rage jiragen da ke kifewa da iyalai a ciki, kuma mai gaskiya zai samu takardar da ke raba shi da wanda ake nema.

Amma rajista ba za ta taɓa tushen matsalar ba. Lardin Kadis, inda Barbate take, yana cikin yankunan da rashin aikin yi ya fi tsanani a Sifaniya, kuma Turai ba ta daina sayen tabar da ke fitowa daga tsaunukan Rif na Maroko ba. Matuƙar dare ɗaya a kan teku zai biya matashi abin da ba zai samu a watanni ba, za a samu mai tuƙi, za a kuma samu wanda zai sayar masa da inji. Abin da gwamnatoci ke da iko a kansa yanzu shi ne su san inda kowane babban inji ya tafi, su kuma daina tura jami'ansu a jirgin roba su tari jirgin da ya ninka nasu ƙarfi sau da yawa.