Sujadar da tsohuwa ba ta gane ba

A waɗansu majami'u na Maraɗi da Damagaram da Yamai, tsohuwa takan zauna sa'a uku ranar Lahadi ta koma gida ba ta riƙe ko kalma guda ba. Fasto ya yi wa'azi da Faransancin da ba ta taɓa zama lakwal ta koya ba, amsa-kuwwa ta cika mata kunne, sannan jama'a suka ɗauki addu'a gaba ɗaya da harsunan da babu mai fassarawa. Da aka ce Amin, ita ma ta ce Amin. Shin a kan me?

Manzo Bulus ya riga ya yi wannan tambaya. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 14, ya nuna cewa wanda bai fahimci addu'a ba ba shi da hanyar amsa ta da Amin, kuma baƙon da ya tarar kowa yana magana da baƙon harshe zai ɗauka hauka ake yi. Shi kansa, da ya fi su duka baiwar harsuna, ya zaɓi kalmomi biyar masu koyarwa a kan dubu goma da ba a ganewa. Ya kuma kafa ƙa'ida: masu magana da harsuna kada su wuce biyu ko uku, bi da bi, da mai fassara, in babu shi, su yi shiru a cikin taro. Ma'auninsa guda ne, wato ko mai sauraro ya ƙaru.

Masu kare wannan hali sukan ce ba a yi wa Ruhu Mai Tsarki iyaka. Amma a wannan surar ne aka ce mai annabci yana da ikon kame kansa, sauran jama'a kuma su auna abin da ya faɗa. Ranar Fentikos ma, yadda sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labari, abin da ya ba taron mamaki shi ne kowane baƙo ya ji saƙon da harshen ƙasarsu. Wanda ya ɗauki sunan wannan rana ya bar mutane cikin duhu ya juya mu'ujizar a baibai.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. A Yamai ikilisiya ɗaya takan haɗa Zabarmawa da Gurmawa da Hausawa da ƴan Benin da Togo, Faransanci ne kawai ya game su. Gaskiya ne, sai dai maganin wannan tsoho ne: tafinta. A sura ta 8 ta littafin Nehemiya, da Ezra ya karanta Attaura a gaban jama'a, Lawiyawa ne suka bi suna bayyana ma'ana har mutane suka gane. Balle a ƙasar Hausa, inda uzurin bai da madafa. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito cikakke da Hausa tun 1932. A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Mai wa'azin da ya tsallake duk wannan ya yi wa manoman Gobir da Katsina huɗuba da Faransanci, ilminsa yake nunawa, tumakin kuwa suna kwana da yunwa. Malaman makaranta sun fi kowa sanin yadda yaro yake haddace abin da bai gane ba, ya maimaita shi kamar aku.

Inda aka raina fahimtar talaka, da wuya a girmama kujerarsa. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta tsawata wa taron da ke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ya bar matalauci a tsaye. Sura ta 6 ta Matiyu ta umarci a yi sadaka a ɓoye. To, ina aka samo al'adar kiran sunan wanda ya ba da jikka hamsin a tafa masa, mai dala ashirin kuwa ta sunkuyar da kai?

Kada dattawan tsofaffin ikilisiyoyi su ɗauka wannan magana ta wanke su. Zabura ta 150 ta kira kayan kiɗa da rawa cikin yabo, don haka ganga ba ita ce mai laifi ba. Taron da mutum ɗaya ke magana daga farko har ƙarshe, sauran suna gyangyaɗi, shi ma ya kauce, gama Bulus ya zaci kowa zai zo da abin da zai ƙari ƴan'uwa da shi, waƙa ko koyarwa.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. A rage ƙarar amsa-kuwwa, a tsai da tafinta, a karanta nassi da harshen masu zama a kan benci, a rufe kwanon baiko. Bayan an tashi, shugabannin su tsaya a bakin ƙofa su tambayi tsohuwar nan abin da ta ji. Amsarta ce za ta nuna ko an yi sujada.