A Tuna Da Ƙauye Wajen Rabon Zangon Waya

Duk mai sauraron Rediyon Kaduna ya san kowace tasha tana da zangon da ake kama ta. To, wayar hannu da intanet ɗin da ke cikinta su ma a kan irin wannan zango suke tafiya. Zangon nan kuwa ba shi da yawa, dukiyar ƙasa ce kamar fili, kuma Hukumar NCC ce take yanka shi tana sayar wa kamfanoni.

A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon farko, inda MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285. A Disamba na 2021 aka sake buga ƙararrawa a kan zangon megahaz 3,500 na fasahar 5G, MTN da Mafab suka ɗauka a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Baitulmali ya sami kuɗi, babu musu. Amma fa wannan zango ba ya cin nisa, sai an kakkafa turaku kusa da kusa, saboda haka kamfanin da ya zuba maƙudan kuɗi haka Ikoyi da Maitama zai fara nufa don ya mayar da uwar kuɗinsa, ba ƙauyukan Yobe ko Kebbi ba.

Zangon da ƙauye yake bukata shi ne na ƙasa-ƙasa, wato megahaz 700 da 800, wanda turke ɗaya yake watsa shi nesa, ya ratsa garu ya shiga har ƙuryar ɗaki. Tsohuwar talabijin ce ta daɗe tana zaune a wannan wuri. An yi yarjejeniya a Janeba a 2006 cewa za a koma sabon tsarin dijital kafin 17 ga Yuni, 2015, don a sami sarari. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos, daga nan aikin ya shiga tafiyar hawainiya.

Wannan magana ta shafi ɗan Arewa da ke Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan kai tsaye. Shi wayarsa cike take da sabis, amma in ya tura kuɗin cefane gida, sai an aiki yaro ya hau tudu kafin a ga saƙon. Waɗanda suka kasa jin muryar iyayensu lokacin da aka rufe layukan Zamfara a Satumba na 2021 sun san zafin abin.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Tarayya ta daina auna gwanjo da yawan dalar da ta shigo kawai. Duk kamfanin da za a ba zangon ƙasa-ƙasa, a rubuta masa ƙauyukan da zai kai sabis da ranar da zai gama, ko da za a rage masa farashi. Wanda kuma ya karɓa ya ajiye bai yi aiki da shi ba, a ƙwace a ba wani. Asusun kai sadarwa karkara da dokar 2003 ta kafa shi ma ya buga sunayen garuruwan da ya kafa wa turaku, jiha-jiha, don jama'a su je su duba.